Ƙofar Mota Ba Garkuwa Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in taɓo wani batu da babu daɗin ji, amma halin da hanyoyinmu da ƙauyukanmu suke ciki ya sa yin shiru a kansa ya zama ganganci. A watan da ya gabata na je dubiyar wani ƙanena direba wanda 'yan bindiga suka buɗe wa motarsa wuta. Da harbi ya tashi sai ya diro ya durƙusa a bayan ƙofar motar, yana ganin ya samu mafaka, ashe harsashin zai huda ƙofar ɗaya gefen, ya ratsa kujera, ya huda wadda yake bayanta, sannan ya same shi a cinya. Allah ya sa yana da sauran kwana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mamakin da yake ta yi cewa ƙarfe guda bai tare harsashi ba, domin na tabbata mutane da yawa irin tunaninsa suke yi.

Ƙarfen jikin ƙofar mota bai cika kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma cikinta fanko ne, sai gilashi da roba da 'yan wayoyi. Ko ƙaramar bindigar hannu tana iya huda ta, balle babba. A duk jikin ƙaramar mota, wurin da ake sa ran zai tare harsashi shi ne inji, saboda dunƙulallen ƙarfe ne mai kauri, sai kuma ƙarfen da taya ke kai. Saboda haka wanda ya rasa mafaka sai mota, gara ya kwanta ta wajen tayar gaba, ya sa injin ya shiga tsakaninsa da inda harbin ke fitowa.

Na koyar da kimiyya shekaru masu yawa, don haka a yi mini uzuri in ɗan shiga lissafi. Lambar da ake kiran harsashi da ita faɗinsa take nunawa, kuma faɗi kaɗai ba ya gaya maka ƙarfinsa. Harsashin bindigar hannu mai milimita 9 ya fi na AK-47 faɗi, tunda na AK-47 milimita 7.62 ne, kuma nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen giram 8. Bambancin yana wajen gudu. Na bindigar hannu yana fita da gudun mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa ɗaya, na AK-47 kuwa ya haura mita 700. Ƙa'idar kimiyya ita ce idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan yakan ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa abin da zai iya tare harsashin ƙaramar bindiga yakan zama kamar takarda a gaban babba. Hatta rigar sulke mai laushi, wadda ake yi da zaren Kevlar mai ƙarfi da masaniyar kimiyya Stephanie Kwolek ta gano a 1965, ƙananan bindigogi take tarewa, sai an saka mata faranti mai tauri kafin ta yi maganin harsashin babbar bindiga. Ita kuwa bindigar nan mai milimita 12.7 da ake girkawa a bayan mota, wadda harsashinta ya kai kusan giram 50, babu wani abu na yau da kullum a cikin gida da za a dogara da shi a gabanta.

Idan rigar da aka yi musamman domin wannan aiki tana da iyaka, to ina ga ƙyauren katako, da katifa, da firij, da kwanon rufi da langa-langar da ake kewaye shago da ita? Waɗannan suna ɓoye mutum daga idon mai harbi, kuma wannan ma amfani ne, amma harsashi yana wuce su ya yi ɓarna a gaba.

Wurin da na fi so a lura shi ne gini, domin nan ne zatonmu ya fi saɓa wa gaskiya. Mun ɗauka gidan bulo ya fi gidan ƙasa ta kowace fuska, alhali bulon da muke gini da shi mai rami ne a ciki, kuma masu buga shi da yawa suna tauye siminti. Harsashin babbar bindiga yana iya fasa shi ta wajen ramin, kuma idan aka maimaita harbi a wuri ɗaya sai ya ruguje. Katangar laka mai kauri irin ta iyayenmu, wadda ta kai kamu ɗaya ko fiye, ta fi shi shanye harsashi nesa ba kusa ba. Sojojin Amurka da na Ingila sun ga haka da idonsu a Afganistan, inda kaurin katangun laka na gidajen ƙauye ya riƙa tare musu harsasai. Dalilin shi ne ƙasa da yashi suna cinye gudun harsashi a hankali har ya tsaya, shi ya sa duk shingen sojoji da ka wuce za ka ga buhunan yashi a jere ko ganguna cike da ƙasa. Kankare mai tauri da kwalta kuwa suna da wata illar, domin harsashi yakan doke su ya goce ya bi gefensu, don haka mannewa a jikin bango ba kullum yake zama dabara ba. Kwanciya a ƙasa cikin ɗaki na ciki, nesa da taga da ƙofa, ya fi.

Na san za a ce ai an sha jin labarin wanda littafi ko waya ko kwabo ya ceta. Yana faruwa, amma a duba yadda yake faruwa. A ranar 14 ga Oktoba, 1912, an harbi tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt a birnin Milwaukee da ƙaramar bindiga. Harsashin ya ratsa gidan tabaraunsa na ƙarfe da takardun jawabinsa shafi 50 da ke ninke a aljihu, kuma duk da haka ya shige ƙirjinsa, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Kayan sun rage masa gudu ne kawai. A 2017 kuma, a jihar Minnesota ta Amurka, wani saurayi ya riƙe ƙaton littafi a ƙirji ya sa budurwarsa ta harbe shi da babbar bindigar hannu domin su ɗora bidiyon a YouTube, harsashin ya ratsa littafin ya kashe shi. Ban ga bambanci ba tsakanin wannan da labaran da ake bugawa lokaci zuwa lokaci na waɗanda suka mutu wajen gwajin maganin bindiga, inda ake ɗaura wa mutum laya ko guru a ce wani ya ɗana masa bindiga.

Sai harbin sama da ake yi a biki ko murnar zaɓe. Harsashin da aka harba sama yana dawowa, musamman idan an karkata bakin bindigar, kuma yana saukowa da gudun da zai huda kwano da silin ya sami yaron da ke barci a ɗakin uwarsa can wata unguwa.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku aika wakilinku ya tattauna da tsofaffin sojoji da likitocin da ke karɓar masu raunin harbi, ku buga bayaninsu da Hausa mai sauƙi, ku kuma kai kwafi tashoshin mota, inda direbobi irin ƙanena za su samu wanda zai karanta musu.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya mai ritaya,
Funtuwa, Jihar Katsina