Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Gidan Tarihin Yaƙi Na Ƙasa, Umuahia

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi muku godiya a bainar jama'a, ku da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da kuke aiki a ƙarƙashinta, bisa yadda kuke riƙe amanar tarihin yaƙin basasar da aka gwabza daga watan Yulin 1967 zuwa Janairun 1970.

Mu 'yan Arewa mun tashi muna jin labarin yaƙin nan daga bakin iyayenmu da suka yi soja, wato daga ɓangare ɗaya, shi ya sa na zura ido in ga yadda za ku ba da shi a garin da ya zama hedikwatar Biyafara, wato yankin da ya ɓalle daga Najeriya, bayan faɗuwar Enugu a 1967, har zuwa Afrilun 1969. Jami'in da ya zagaya da mu bai ɗora wa kowace ƙabila laifi ba, kuma bai ɓoye komai ba. Ya ambaci kisan shugabannin Arewa a Janairun 1966, ya ambaci kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a garuruwanmu a wannan shekarar, duk da murya ɗaya.

Mun ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny da motocin sulke da bam ɗin Ogbunigwe wanda injiniyoyin Biyafara suka ƙera da abin da suka samu a hannu, lokacin da aka toshe musu hanyoyin shigo da kaya. Na daɗe a tsaye gaban makaman nan, domin basirar da ta haɗa su da a gona ko masana'anta aka zuba ta, da yau ƙasar nan tana cin moriyarta. Amma abin da ya fi sosa mini rai shi ne hotunan yaran da yunwa ta tsotse, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda a da gidan rediyon Biyafara yake watsa shirye-shirye, kasancewar yunwa ta kashe mutane fiye da harsashi a yaƙin. Daga nan muka wuce mafakar Ojukwu, jagoran Biyafara, wadda ita ma kuke kula da ita.

Roƙona shi ne ku tanadi bayanin kayayyakin da harshen Hausa, ku kuma aika wa makarantun Arewa goron gayyata, saboda yawancin matasanmu ba su san da wannan gida ba. Ni dai zan kawo ɗalibaina in Allah ya yarda.

Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Zariya