Barka da Sallah daga Jenoba, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, Baba, da duk mutanen gida, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Muna nan ƙalau, ni da maigidan da ƙaramin, sai dai kewa.

Na san mun yi waya da safe, amma hayaniyar tsakar gida ba ta bar mu mun ji juna ba, ni kuma murya ta ƙi fita. Shi ya sa ina idar da La'asar na zauna rubutu. Auta ta karanta muku idan baƙi sun ragu.

A wannan watan agogonmu ɗaya da naku, sai Lahadin ƙarshe ta Maris mutanen nan za su tura nasu gaba da awa guda. Abin da ya hana ni sakat yau ke nan, domin duk sanda na ɗaga kai na dubi bango, na san abin da kuke yi. Ƙarfe bakwai, Baba ya saka babbar riga yana ƙwala wa samari kira kada a makara zuwa Ƙofar Mata. Ƙarfe goma, kwanukan abinci sun fara fita gidajen maƙwabta. Nan kuwa ranar aiki ce kamar kowace rana, ba a ba da hutun Sallah a Italiya. Yara sun goya jakunkuna sun tafi makaranta, motoci na wucewa, babu tambari, babu algaita, babu ko yaro ɗaya mai sabon ɗinki. Maigidan ya roƙi rabin yini a wurin aiki, muka yi Idi a wani babban ɗaki kusa da tashar jiragen ruwa, mu da 'yan Maroko da 'yan Senegal da 'yan Bangaladash. Wata baiwar Allah 'yar Damagaram ta ji ina yi wa ƙaramin faɗa da Hausa, ta juyo ta rungume ni, ba mu taɓa ganin juna ba. Ana shafa addu'a maigidan ya sauya kaya ya wuce Sestri, wurin ƙera jiragen.

Na yi girki, kada ki ce na zauna haka. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewar nan tasu mai zaƙi, na soya kaza, jiya da dare kuma na yi cincin. Komai ya yi daidai gwargwado. Amma Inna, ba tuwo ne ya tsaya min a rai ba. Kwaɗonki ne.

Kin san lokacin da nake nufi. Yammacin Sallah, kowa ya gaji da maiƙo, an dawo daga yawon gaishe-gaishe, kin tuɓe mayafi kin zauna a kan tabarma a gindin zogalen nan na bayan ɗakin Gwaggo. Ki sa a tsigo, a dafa, ki matse da hannunki har sai ruwan ya daina ɗiga. Yaya Babba na dakan ƙuli-ƙuli, ke kina yanka albasa da tumatir a tafin hannu ba tare da faranti ba, a zuba yaji da gishiri, a ɗiga man gyaɗa, ki cuɗa a babban kwanon nan mai lotsattsen baki. Mu kewaye shi da hannu. Ba a taɓa zuba wa kowa nasa daban ba. Tun da na tashi yau ƙamshin nan nake ji a hancina. Zogale a nan ana sayar da shi, amma gari ne a 'yar kwalba a shagon magani, wai moringa, kuɗinsa kamar na turare. Na taɓa samun busasshe a shagunan 'yan Afirka na titin Biya Pire, na jiƙa na dafa, sai ya zama kamar dusa a baki.

To bari in ba ki labarin abin da na yi a madadinsa, don na san za ki yi mamaki.

Tsohuwar nan da nake kula da ita, wadda nake ce miki Sinyora, haifaffiyar garin nan ce. Satina na farko a gidanta ta nuna min wani ɗan turmi a kan kanta, na farin dutsen marmara, bai fi kwanon sha girma ba, yana da kunnuwa huɗu, da 'yar taɓaryarsa ta itace. Ta ce na mahaifiyarta ne. Inna, ashe Turawa ma suna daka! Abincin da garin nan ya yi suna da shi a duniya sunansa pesto, kuma kalmar a bakinsu daga daka ta fito, kamar dai a ce dakakke. Ganye ne ɗanye ake murzawa da tafarnuwa da gishiri, da wasu 'yan ƙwayoyi farare da suke kira pinoli, da cuku mai tauri iri biyu, na saniya da na tunkiya, sai man zaitun. Ganyen ɗan'uwan ɗaɗɗoya ne, sai dai ya fi tamu laushi, ƙamshinsa kuma bai kai tamu ƙarfi ba. Wanda suka fi ji da shi ana noma shi a unguwar Pira, yamma da mu. Ba wasa suke yi da abin nan ba: tun 2007 suke shirya gasar duniya a tsohuwar fadar garin, mutum 100 kowa da turminsa.

Ranar da na fara ɗanɗanawa na tsaya shiru. Ganye, da ƙwaya mai maiƙo, da mai, da gishiri. Na ce a raina, ai wannan kwaɗo ne aka yi masa laushi.

Matsalar ita ce kuɗi. Abin da za ki biya na gram 100 na pinoli zai saya miki kilo guda na gyaɗa. Ganyen nasu na lokacin zafi ne, da sanyi sai na ɗakin gilashi, ɗan ƙulli kaɗan. Man zaitun kuwa, saboda farin da aka yi a Sifaniya, ya yi tashin gwauron zabi a 2023, har kowa ya koma auna shi da cokali. Mu da muke ƙirga kowane Yuro saboda haya da abin da za a turo gida, ba za mu iya ba.

Sai wata Asabar a Kasuwar Oriyentale na ga wani ganye jibge, dogo, kore har ya yi duhu, fatarsa da ƙurji-ƙurji kamar bayan kada. Sunansa kabolo nero, wato baƙin kabeji, amma ba ya dunƙulewa kamar kabejin 'Yan Kaba, a tsaye yake fita kamar gashin jimina. Na mutanen yankin Tuskani ne a nan Italiya, da shi suke miyar wake da busasshen burodi. Ganyen hunturu ne, mai sayarwar ta ce sai sanyi ya buge shi sosai yake yin zaƙi, kuma a lokacinsa yana cikin mafi araha a kasuwa. Na gutsuri gefe na tauna. Ɗan ɗaci-ɗacin nan da ƙarfin ganyen suka tuna min da zogale da rama a lokaci guda. Na sayi dami biyu.

Ga yadda nake yi, Auta ki rubuta ko za ku gwada da zogale ɗanye. Ina riƙe gindin ganyen da hannun hagu, in zuge shi da na dama, jijiyar tsakiya ta fita, domin ita tauri gare ta, ba ta dakuwa. Idan na sami kamar gram 200 na zallar ganye sai in wanke, in jefa a tafasasshen ruwan gishiri minti 2 zuwa 3 kacal, in tsame in tsoma a ruwan sanyi nan take. Wannan tsomawar ce ke riƙe korensa. Sai matsa, irin taki, har ya dunƙule a tafin hannu. Gyaɗa cikin hannu ɗaya mai kyau, kamar gram 60, in soya ta a busasshen kasko, in murje ɓawon in fece. Tafarnuwa ƙwaya ɗaya, a tsaga a cire ɗan koren tsiron cikinta, Sinyora ce ta koya min, ta ce shi ke sa gyatsa. Mai rabin kofin shayi, rabi na zaitun rabi na gyaɗa. Gishiri, da ruwan rabin lemun tsami. Cuku idan akwai, cokali 3. Idan babu, ina ƙara gyaɗar, ba ya rage komai. Ƙuli-ƙulin da kika ba ɗan gidan Kawu ya kawo min bara, da shi na yi na farko, kuma har yau ban sake yin wanda ya kai shi daɗi ba. Ya ƙare tun kafin azumi.

Turmin nasu ba a ɗaga taɓarya a buga kamar namu. Dannawa ake yi ana juyawa a jikin bango, a hankali, ganyen yana narkewa. Ni ba ni da shi a gida, kuma ko da ina da irin namu ba zan iya luguden ba, a hawa na huɗu muke, akwai mutane a ƙarƙashinmu. Da injin markaɗe nake yi, ina kunnawa ina kashewa, don idan ya yi zafi ganyen baƙi yake yi ya ƙara ɗaci. Yau da nake danna maɓallin nan, sai na tuna sautin turminmu da asubar Sallah, na Yaya Babba da na matar Baffa suna amsa wa juna, har da tafi a tsakani. Na kashe injin na zauna a kujera na ɗan jima kafin in ƙarasa.

Ba a ɗora shi a wuta, nan ne ya bambanta da miya. Taliya ake dafawa, mutanen nan har da 'yan yankan dankalin Turawa da koren wake suke haɗawa a tukunya ɗaya, a tsame, a sassauta dakakken ganyen da ludayi guda na ruwan taliyar, a cuɗa. Dami ɗaya yana yi mana ci uku. Sauran in zuba a kwalba, in rufe samansa da mai don kada iska ta taɓa shi, ya kwana huɗu a firij lafiya. Na kai wa Sinyora ta ɗanɗana, bayan na tambayi 'yarta ko gyaɗa ba ta yi mata illa, don a nan akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta sam. Ta ce wannan ba pesto ba ne, pesto ɗaya ne a duniya. Sannan ta miƙo faranti a ƙara mata. Yanzu duk Laraba sai ta tambaya.

Na yau kuwa ban sa shi a taliya ba. Na bar shi da gari-gari, na yanka albasa da tumatir a kai, na barbaɗa yajin da kika daka min, wanda nake tsimi kamar zinariya. Na shimfiɗa zane a ƙasa, muka zauna ni da ƙaramin muka ci da hannu a kwano ɗaya. Ya ci ya lashe yatsu yana cewa a ƙara, bakinsa duk kore, na yi ta dariya. Ya yi daɗi wallahi. Ba naki ba ne, amma ya yi daɗi. Na ajiye wa maigidan nasa, na kuma ɗiba wa 'yar Damagaram ɗin nan a kwalba, gobe zan kai mata, na karɓi lambarta.

Gobe Hawan Daushe. Wanda ya je Ƙofar Kudu ya ɗauko min ko na minti ɗaya ne, ina son ƙaramin ya ga dawaki, har yau bai taɓa ganin doki da ado ba.

A gaishe min da Baba da kyau, a ce ina neman albarka, kuma kuɗin zakkar fid da kai da na turo na mutum uku ne. Ina gaida Baffa da iyalinsa, da Kawu, da mutanen gidan Liman, da maƙwabta gaba da baya. Yaya Babba, barka da Sallah, na ga hoton lallenki, hannun nan bai tsufa ba. Ki rage dakan nan haka, ki bar wa yara, kafaɗarki ba ta warke ba. Gwaggo kuma, Allah Ya ƙara sauƙi. A gaya mata ina sane da ƙafar, man shafawar yana hanya, a riƙa zaunar da ita a rana da hantsi, kuma a daina ɓoye mata goro, ranar Sallah ce. Ina tuna yadda take kiran sunana tun daga zaure idan na dawo makarantar allo, babu mai ja min suna irin nata. Samarin gida duka ina gaishe ku. Auta, goron Sallarki yana cikin na Inna, ki karɓa, ki kuma dage da karatu. Mai ƙosan bakin layi ma a ce ina gaishe ta.

Sai kishiyarki, Inna. Na ga hoton. Atamfar ta karɓe ta, amma wa ya yi mata kitson nan, ya ja mata goshi da yawa? A sassauta mata na gaba. Na ga ta yi tsawo, ta kusa kafaɗar Auta, haƙorin gaba ma ya fito. Da safe da aka ba ta wayar ta yi shiru, ni ma na yi shiru, sai numfashinta nake ji. Kada a matsa mata ta yi magana. Idan kin zauna kwaɗon yamman nan, ki ba ta albasa ta ɓare, ki bar ta ta sa hannu ta cuɗa ko da za ta ɓata rigar. Ki nuna mata yadda ake matsewa.

An kusa kiran Magariba a wurinku. Nan ba a ji, sai a waya.

Taku har kullum,
'yarku ta Jenoba