Barka da Sallah daga Iqaluit

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da babbar Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi Idi lafiya, kuma ragon da na turo kuɗinsa ya samu. Nan Iqaluit, a can arewacin Kanada, ba a kiwon tumaki, ko bishiya ɗaya babu a garin, shi ya sa na ce Baba ya yanka mini layyata a gida. Yau tun safe ƙamshin suyar tsakar gidanmu nake ji a hancina.

Mun yi sallah a ɗan masallacinmu da aka buɗe a 2016, 'yan Somaliya da Pakistan da Larabawa da mu 'yan Afirka ta Yamma, sahu kaɗan. Watan Yuni ne amma har yanzu ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan teku ba, rana kuwa tana kai awa ashirin ba ta faɗi ba. Sai da na toshe taga da baƙin labule kafin barci ya ɗauke ni.

Abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya shi ne rabon abincin Sallah. Kin saba mana da cewa ba a wayi gari ranar Idi kwano bai fita zuwa maƙwabta ba. To me zan kai? Babu titin mota da ya haɗa garin nan da sauran Kanada. Kaya sai ta jirgin sama, ko jirgin ruwa idan teku ta buɗe wajen watan Yuli, don haka komai da tsada.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Inuit, ita ta fitar da ni. Mutanen nan abincinsu na asali nama ne da kifi, sunan garin ma ma'anarsa wurin da kifi ya yawaita. Fulawa daga baya Turawa 'yan kasuwa da masu farautar kifin whale suka kawo musu, suka mayar da ita wani burodi da suke kira palaugaaq. Fulawa ce da bakin hoda da gishiri da kitse da ruwa, a soya a kasko, a ci da shayi. Ba a sa masa yis. In kin ɗanɗana, tsakanin fanke da gurasa yake. Da yawa da kitsen alade suke yi. Da na gaya mata ba ma ci, ba ta ce komai ba, ta buɗe firji ta miƙo mini bota.

Sai ta ɗauko wata leda daga firiza, cike da 'ya'yan itace baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Paurngait sunansu. A ƙasa suke yaɗo tsakanin duwatsu, kuma da hannunta ta tsince su a watan Agustan bara, a durƙushe, da ciwon gwiwarta. Inna, rabin abin da ya rage mata ta juye mini. Na san darajar wannan kyautar, don sai bayan wata biyu za a sake samun sababbi.

Ga yadda na yi nawa. Fulawa kofi 4, bakin hoda cokali 2, sukari rabin kofi, madarar gari, bota, ƙwai ɗaya, da ɗan garin citta da kanumfarin da kika ƙulla mini lokacin tahowa. Na kwaɓa sama-sama, don ta gargaɗe ni cewa in aka murza shi da yawa tauri yake yi. 'Ya'yan itacen na zuba su da ƙanƙararsu, in sun narke sai su rine ƙullun gaba ɗaya. Na mulmula kamar ƙwallon fura, na gasa a oben wajen minti 20 maimakon soyawa, suna fitowa na shafa musu zuma. Da na ɓare ɗaya, cikinsa fari da ɗigo-ɗigon shuni, zaƙin bai yi yawa ba, cittar na biyowa daga baya. A ganina ya fi cincin dacewa da sanyin nan, ko da yake bai kama ƙafar alkakin Gwaggo ba.

Guda 24 suka fito. Na kai rabi masallaci, ko ɗaya bai dawo ba. Sauran na rufa a kwanon silbar da kika ba ni, na ƙwanƙwasa ƙofar dattijuwar. Ta ci ɗaya a tsaye, ta ɗaga gira sama, wanda a wurinsu shi ne "e". Ta tambayi abin da ke ƙamshi, na nuna mata kanumfari. Da yamma jikarta ta dawo mini da kwanon, da busasshen kifi a ciki.

Inna, idan an samu mai zuwa Kanada, a ƙullo mini kanumfari da citta da yajin ƙuli, kashi biyu, ɗaya nata ne. A gaida Baba da Gwaggo da su Yaya. A gaya wa Auta goron Sallarsa yana hannun Yaya. A ɗaukar mini hoton soyen naman kafin a zuba shi a tukunya.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarki mai kewarki.