Kafin a sauya likita, a tattara takardu da kwalayen magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu shirin sauya likita ko asibitin da suke zuwa, musamman masu hawan jini da ciwon suga, don su ne ke jin jiki idan aka yi sauyin da ka.

Ma'aikacin da ke cikin inshorar lafiya ta NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, shi yake zaɓar asibitin matakin farko, inda za a ajiye sunansa da na matarsa da na 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Yana da damar sauyawa bayan wata shida, amma sunan ba ya bayyana a sabon wuri nan take. Saboda haka a fara karɓar maganin da zai kai wata ɗaya ko biyu kafin a cike fom.

Kyan gini da sanyin esi ba su ne abin dubawa ba. A je da ƙafa a yi tambaya. Likita ɗaya za a riƙa gani, ko kullum sabuwar fuska? Wa ke kwana da dare? Suna gwajin jini a nan, ko sai an tsallaka gari? Idan an rubuta magani, akwai shi a ɗakin maganinsu a biya kashi 10 cikin 100 kamar yadda tsarin ya tanada, ko kullum "ya ƙare, je ka kyamis"? A tambayi kwana nawa suke ɗauka kafin su samo lambar izini daga HMO, wato kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora, idan za a tura mutum babban asibiti, don a nan ake shan wahala. Kuma ba rashin kunya ba ne a nemi tabbacin cewa likitan yana da lasisin bana na MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Maigidan da iyalinsa suka fi sakin jiki da likita mace, ya tambaya tun yanzu.

Babban abin da ke damunmu shi ne ranar gani na farko. Mutum zai zauna hannu rabbana, a ce wane magani kake sha, ya ce "fari ne, ɗan ƙarami". Sai a rubuta masa maganin hawan jini amlodipine, alhali yana da shi a gida da sunan wani kamfani. Ya haɗa biyun, ƙafa ta kumbura, jiri ya kama shi in ya miƙe. Mai shan maganin suga metformin kuwa, sai an ga gwajin ƙodarsa kafin a san ko zai ci gaba. Mace mai shan maganin hawan jini lisinopril da ke neman haihuwa ta faɗa tun daga bakin ƙofa, domin yana cutar da ɗan tayi.

A zuba duk kwalayen a leda, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saye a kyamis. A haɗa da sakamakon gwaje-gwajen baya, da awon hawan jini na mako biyu a rubuce a takarda, safe da yamma. Sannan a roƙi tsohon likita ya rubuta taƙaitaccen bayani, ko da shafi ɗaya ne, kafin a yi masa sallama.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Kano