Ga Malamin da ya ce sai da gori mai ƙiba zai rame

Assalamu alaikum, Malam.

A gaban jama'a ka jefo mini tambayar, don haka a gaban jama'a zan amsa. Ka ce don me nake hana a yi wa masu ƙiba gori, alhali kowa ya san zarin ci da son jiki ne ke kawo ta. Ka ƙara da cewa idan ba a kunyata mutum ba, ba zai tashi tsaye ba.

Cewa ƙiba mai yawa tana jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da na gwiwa, wannan ba mu da saɓani a kai. Saɓaninmu yana kan sanadi da kuma magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma daga 1990 zuwa lokacin abin ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, sau huɗu a tsakanin matasa. To, Malam, kamun kai ne ya ƙare wa 'yan Adam gaba ɗaya cikin shekara talatin? Abin da ya canza shi ne abincin da aka sarrafa a masana'anta ya yi arha ya cika ko'ina, lemon zaƙi ya zama ruwan sha, aiki ya koma na zama, barci ya ragu.

Za ka ce ai duk a wannan yanayin muke, amma wasu ba su yi ƙiba ba. Haka ne, a nan gado ya shigo. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 540 a Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Da suka girma, nauyin jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su suka ciyar da su ba. Siririn da ke alfahari da juriyarsa, sau da yawa kyauta aka yi masa bai sani ba.

Sai abin da ya fi muhimmanci, wanda masu gori ba sa ji a jikinsu. Jiki ba ya zuba ido a rage masa kitse. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano wani sinadari da ake kira leptin, wanda kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don ta san yawan ajiyar da ke akwai. Da mutum ya fara ramewa sai sinadarin ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara yunwa, ta rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Kuma ba ta saurin haƙura. A wani bincike da ya fito a 2016, Kevin Hall da tawagarsa a Amurka sun auna mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin, mutanen da duniya ta ga irin wahalar da suka sha. Bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, jikinsu kuma yana ƙona kimanin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 500 a rana ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu. Mai jin ƙishirwa zai daure na yini. Ka ce ya daure shekara goma ka gani. Ban ma kawo maganar magunguna irin su insulin da prednisolone ba, waɗanda likita ke rubutawa su kuma ƙara nauyi.

Yanzu ga gorin kansa. An gwada shi, ai shekaru ake yi ana yi. Wani bincike da Angelina Sutin da Antonio Terracciano suka fitar a 2013 ya bi Amurkawa fiye da 6,000 tsawon shekara huɗu. Waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar faɗawa ƙiba da kusan ninki biyu da rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ake yi wa dariya idan ya fito motsa jiki, gida zai koma. Wadda duk ciwon da ta kai asibiti sai a ce mata "ki rage ƙiba" ba tare da an duba ta ba, daina zuwa za ta yi, har cutar da za a kama da wuri ta yi nisa. Baƙin ciki kuma, ga mutane da yawa, ci yake sa su.

Idan lafiyar wani naka ce ta dame ka, ga abin da aka gwada aka ga amfaninsa. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, an nemi masu haɗarin kamuwa da ciwon suga su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu kawai, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da cutar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali da yawansu ba su zama sirara ba. Kowannensu an haɗa shi da mai ba shi shawara, suka zauna sau 16 cikin wata shida na farko, sannan aka ci gaba da bibiyarsa har ƙarshen gwajin.

Wassalam.