Tallafin yana nan, takardar ce ta gagare mu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan an wuni lafiya. Shirinku na makon jiya kan zaman banzan matasa ne ya sa na ɗauki biro. Baƙinku sun yi ta nanata cewa yaranmu ba sa neman taimakon da hukuma ta tanada. Ni tela ne a Garin Malam, yara shida ke koyon ɗinki a hannuna, kuma a ganina ba a yi musu adalci ba.

Ɗan yayata maraya ne, shekararsa 19. Bara ya ji ana rubuta sunayen matasa don koyon sana'a, ya tafi da murnarsa. Abu na farko da aka tambaye shi shi ne takardar haihuwa. A wani ƙauye wajen Mirya aka haife shi, a ɗaki, babu wanda ya kai sunansa ko'ina. Dokar 2019 kwana 60 ta bai wa iyaye su bayyana haihuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta gaban alƙali da shaidu kafin a samu takardar da za ta maye gurbinta. In babu ita babu takardar zama ɗan ƙasa, babu katin shaida, ballantana a karɓi dosiyenka. Mu kuwa ba mu san haka ba. Sau huɗu ina rufe shago muna hawa kabu-kabu, yau a ce tambur, gobe a ce shaidun ba su cika ba. Kafin takardar ta fito an rufe rajista.

Ana cikin haka wani mutum ya same shi a fadar matasa, ya ce in ya ba da jika biyar zai saka sunansa cikin masu karɓar kuɗin tallafi duk wata. Yaron ya ranto ya ba shi. Har yau ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Sai daga baya wani ɗalibin Jami'ar André Salifou, maƙwabcinmu, ya warware mana. Shirin nan na ba gidaje kuɗi, wanda aka fara a 2011 da jika goma a wata, ba a nemansa da takardar roƙo. Ma'aikata ne ke bi gida-gida su tantance mabuƙata, kuma galibi mata ake danƙa wa kuɗin. Kuɗin iyali na CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, kuwa na mai albashi ne da maigidansa ya yi wa rajista, ba na ɗan kabu-kabu ko mai turin ruwa ba. Na ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, na ɗalibai ne. Cikin minti goma ya gama bayanin, da Hausa, muna shan shayi. Da mun ji wannan tun farko, da jika biyar ɗinmu tana aljihu.

To Malam Edita, tun da a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, me ya hana a daina manna sanarwa da Faransanci zalla a jikin bango? Rabin yaran shagona ko firamare ba su ƙarasa ba.

Roƙona gare ku shi ne ku ware ko da rabin awa a mako, ku kawo ma'aikacin ofishin magajin gari ko na kotu ya faɗa mana dalla-dalla: wace takarda, a wace ƙofa, nawa ne kuɗin tambur, me kuma ake yi kyauta. Ku buɗe layi yara su bugo da kansu. Ranar da alƙalai za su fito zaman ba da takardun haihuwa a unguwanni da ƙauyuka, ku sanar tun da sauran mako guda, ku kuma gaya wa masu unguwa. Yarana biyu har yanzu ba su da takarda, su nake jira wa.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga Garin Malam, Damagaram