A daina hukunta ma'aikacin da ya tafi aikin ceto

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun daminar bara.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ɗan sa-kai a wata ƙungiyar agaji. An horar da mu a kan ceto cikin ruwa da taimakon farko ga wanda ya ji rauni. Wata ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na dare aka kira mu, ruwa ya ci gidaje. Kwana uku muka yi ba mu ga gadajenmu ba. Har yau ina ganin fuskar wata tsohuwa da muka sauko da ita daga kan rufi, rungume da jikanta, ta ƙi sakinsa ko da muka shigar da su kwale-kwale. Igiya ta yanka mini tafin hannu, ban lura ba sai da na ga jini a rigar wanda nake ɗauke da shi.

Ranar Juma'a na koma ofis da bandeji a hannu, na tarar da takardar tuhuma a kan teburina: in bayyana dalilin da ya sa na yi kwana uku ban zo aiki ba. Shugaban sashenmu ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, wallahi na san abin da ka je yi, amma nuna mini inda ƙa'idar aiki ta ba ni ikon ƙyale ka." Ban da abin nunawa. Aka cire kwanakin daga hutuna na shekara. Wani ƙanena a ƙungiyar, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar, ya riga ya cinye hutunsa, don haka albashinsa aka yanka. Yana da 'ya'ya huɗu. Da aka sake kiranmu bayan wata biyu bai ɗaga waya ba, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Shi ne ya fi mu duka iya ninƙaya.

Abin da nake nema, wato hutu da albashi ga ma'aikacin da aka kira aikin ceto, ba sabon abu ba ne a duniya. A Jamus akwai hukumar agaji ta THW, wadda aka kafa a 1950, tana da mutane sama da 80,000, kuma kusan dukkansu 'yan sa-kai ne masu sana'o'insu. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai aiki ya saki ma'aikacinsa idan an kira shi, ya ci gaba da biyansa albashi, in kamfani mai zaman kansa ne kuma gwamnati ta mayar masa da kuɗinsa. Shi ya sa a ambaliyar watan Yulin 2021, wadda ta kashe mutum fiye da 180 a ƙasar, dubban 'yan agajin nan suka yi makonni suna aiki ba tare da fargabar abin da za su tarar a ofis ba. A Ostireliya sai da gobarar daji ta yi watanni tana ci, 'yan kwana-kwanan sa-kai suka ƙarar da hutunsu, sannan a Disamban 2019 Firaminista Scott Morrison ya sanar da hutun aƙalla mako huɗu da albashi ga ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke kashe wutar. Matakin ya yi kyau, amma ya zo a makare, kuma ina ganin darasin yana nan: ba a fara gyaran doka ruwa na bakin ƙofa.

Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san sa'o'i 72 na farko su ne komai. A girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, inda mutum sama da 50,000 suka rasu, a kwanakin farko aka zaƙulo mafi yawan waɗanda suka fito da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai. To yaya za a ce wa mai ceto ya rubuta takardar neman izini, ta bi teburi huɗu, ta jira sa hannun wanda ya tafi taro?

Na san abin da za a ce: wasu za su fake da agaji su yi zamansu a gida. Maganin wannan mai sauƙi ne. A yi rajistar ma'aikatan da ke da horo na gaskiya, hukumar da ta kira su ta ba da shaidar ranar fita da ranar dawowa, a kuma ƙayyade kwanakin da mutum zai iya ɗauka a shekara. Wanda tafiyarsa za ta bar marasa lafiya ba mai duba su, shugabansa na da ikon riƙe shi. Sai dai a saka kwanakin horo a lissafin, domin hannun da bai saba da igiya ba ba ya ceton kowa. A kuma ƙara kwana guda na hutawa bayan an dawo. Mutumin da ya kwana uku yana ɗauko gawarwaki ba zai iya duba fayil washegari ba, ko da ya zauna a kujerarsa.

Gwamnatin da ke biyanmu albashi ita ce dai mai alhakin kare rayukan jama'a, don haka kuɗin ba su fita daga hanyarsu ba. Ina kira ga 'yan majalisa da shugabannin ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago su shigar da wannan hutu cikin ƙa'idojin aiki a rubuce, kafin damina ta sake kankama. Ƙanen nan nawa ya ce mini ranar da aka yi haka zai dawo, rigarsa ta ceto tana nan rataye bai bayar da ita ba.

Na gode.

Naka,
Wani ma'aikacin gwamnati, ɗan agajin sa-kai